Ciyawar da Kawu Manu Ya Kawo daga Abuja

A makarantar da na yi karatun tsara birane a Malesiya, akwai zangon da muka kwashe muna nazarin yadda birni ke karɓar baƙuncin manyan wasanni, irin waɗanda ake haɗa guje-guje da ninkaya da dambe da ƙwallon ƙafa duk a biki ɗaya. Malamanmu na da wata magana da suke so, wai biki yana watsewa amma amfaninsa yana zama: hanyoyi, gidaje, filaye, da mutanen da suka koyi aiki. Nakan rubuta musu haka a jarrabawa in ci, amma zuciyata ba ta taɓa kama maganar ba. Ni ɗan Birnin Kudu ne. An yi Wasannin Afirka a Abuja ina yaro, kuma iya dubawata ban ga abin da ya gangaro mana ba, ko da hula ce.

Bayan na dawo gida na yi wa Inna wannan maganar wata rana tana tsintar shinkafa. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ya gangaro mana," in ji ta. "Je ka ga kawunka Manu."

Kawu Manu ƙanen Inna ne. Su uku ne a ɗakinsu: Kawu Jafaru babba, sai Inna, wadda su suke kira Hapsatu, sai shi. Asalinsu masu shanu ne da suka zauna a wani ƙauye bayan Basirka tun zamanin kakanni. Fillanci ya tafi ya bar su, sai sunayen shanu, da kalmar Hamma da ƙane ke kiran wansa da ita, sai kuma filako, wato kunyar nan da ke hana mutum buɗe baki ya roƙi ɗan'uwansa abu, ko ya dube shi ya ce masa a'a. Da mahaifinsu ya rasu, garke ya zauna a hannun Kawu Jafaru, fadamar bakin kogi ta zama ta Kawu Manu. Tun ina ƙarami nake jin ana ce masa Manu Mai Ciyawa. Na ɗauka harawa yake sayarwa.

Na je lokacin albasa. Mota ta sauke ni a Basirka, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Rabin fadamar albasa ce da tumatir, kamar ta kowa. Ɗaya rabin an kewaye shi da ƙaya da kara, an sa masa ƙofar kwano da aka ɗaure da shuɗiyar igiya. A ciki ciyawa ce kore shar, gajera, a shimfiɗe kamar darduma, babu tudu babu kwari. An ja layuka da toka: layin baya, gidan mai tsaron raga, yadi na sha takwas, har da ɗigon fanareti. Layukan gefe biyu sun miƙe sun tafi, sai suka tsaya cak kafin su kai inda tsakiyar fili za ta kasance. Daga nan sai albasa.

"Cire takalminka," shi ne abin da ya fara ce mini bayan gaisuwa.

Dogo ne, siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, ko labarin haihuwa yake bayarwa ko na mutuwa. Muka taka ciyawar da ƙafa, sanyinta na shiga tsakanin yatsuna, muka fito muka zauna a gindin mangwaro. Ba mu daɗe ba sai ga Gwaggo Barira da ƙwaryar fura a kai. 'Yar gwaggonsu ce, wato taubashiyarsu, don haka ita kaɗai ce a dangin da filako bai ɗaure wa baki a kansu ba.

"A'a, Bature ne a ƙauyenmu? Ka zo kallon haukan kawunka?" Ta sauke ƙwaryar. "Duba min don Allah. Mutane su je Abuja su dawo da rediyo, su dawo da keke, shi ya dawo da kiri-kiri. Kiri-kirin da muke kashe bakin fartanya muna cirewa a gona!"

"Ba kiri-kiri ba ce," in ji Kawu Manu. "'Yar'uwarta ce. Wannan ta yi makaranta."

"To ai shi ke nan, ga ɗan'uwanta nan ya zo. Shi ma ya yi makaranta, ba noma ba kiwo. Bature, sha fura, kada ka ce ba mu san baƙo ba."

Na sha. Bayan ta wuce ya ba ni labarin.

Cin rani ne ya kai shi Abuja, yana ɗaukar bulo a wurin gini. Wata safiya wani ɗan kwangila ya zo neman leburori, ya tambaya wa ya san ciyawa. "Ɗan masu shanu aka tambaya ko ya san ciyawa," in ji shi. "Na ɗaga hannu." Aka kwashe su zuwa filin wata makaranta a gefen gari, aka ce za a mai da shi filin atisaye na ƙungiyar wata ƙasa.

A nan ya gane cewa ciyawar da ya sani daban, wannan daban. An kwashe ƙasar wurin, aka zuba tsakuwa, aka zuba yashi, aka binne bututu. Aka kawo saiwa a buhuna suka dasa da hannu, layi-layi, kamar dashen shinkafa. Da ta kama, sai aski, kullum aski, da wani inji mai ƙara. Abin da aka aske a tara a buhu a kai juji. Wannan ne ya fi ba shi wuya a makonnin farko. Yakan tsaya yana kallon motar shara tana tafiya da abin da zai ƙosar da maraƙi.

Na tambaye shi yadda aka tsara bikin, a yadda shi ya gani.

"Kwamiti a kan kwamiti," ya ce. "Masu abinci ba su san masu mota ba, masu mota ba su san mu ba. Kowa da katinsa mai hoto a wuya, kowane kati da ƙofar da yake buɗewa. Nawa ƙofar baya yake buɗewa. Ka ga masu dambe, a ba su ɗaki da igiya, sun gama. Masu gudu, a ba su hanya. Amma ƙwallo ita ce amarya mai yawan kaya. Ita ke fara shiga, ita ke ƙarshen fita, saboda ba a buga ta yau a sake gobe, sai an huta. Ga na maza ga na mata. Kowace ƙungiya sai an ba ta filin da za ta motsa jini ba tare da abokiyar karawarta na leƙe ba. Sai an ba ta motarta, da 'yan sandan rakiya, da likita, da mai fassara."

Masu duba sun zo musu fiye da sau ɗaya, baƙi daga ƙasashen waje, da tef a hannu. Sukan gangara ƙwallo su bi ta da ido su ga ko za ta karkace. Sukan durƙusa su cusa yatsa. Zuwan farko suka ce gefen gabas yana riƙe ruwa, aka tone shi aka sake. Zuwan ƙarshe babbansu ya shafa ciyawar da tafin hannu, ya ɗaga babban yatsa.

Saura kaɗan a fara sai aka yi ranar gwaji. Ana so a ga tsawon lokacin da mota za ta ɗauka daga unguwar da aka gina wa 'yan wasa zuwa kowane fili. Tunda 'yan wasan ba su iso ba, leburori aka zuba a motar su tsaya a madadinsu. Kawu Manu ya zauna kusa da taga, sanyin na'ura na dukan wuyansa, babur mai jiniya a gaba, mutane a bakin titi suna ɗaga musu hannu.

"Na ɗaga musu ni ma," ya ce.

Gwajin ya nuna cewa hanyar filinsu ta yi nisa. Aka mayar da ƙungiyar wani filin da ya fi kusa, nasu aka ce ya zauna na ko-ta-kwana. Suka ci gaba da ban ruwa da aski da jan layi har aka rufe biki. Babu wanda ya zo.

A tsakiyar wasannin an ɗebi wasunsu zuwa babban filin, don can aiki ya yi yawa. Masu rawar buɗe biki sun tattake ciyawar. Masu jifan mashi suna huda ta, masu jifan dalma suna yi mata ramuka, kuma a kan wannan ciyawar dai za a buga ƙwallo. Su ne ke bi da bokitin yashi suna cikewa, suna yanko lafiyayya daga gefe suna toshewa. Ranar wasa kuwa a wani ɗaki ake ajiye su a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. In an tafi hutun rabin lokaci a buɗe musu su fita da gudu su danne inda takalma suka ɓantare, a sake mai da su.

"To wane wasa ka kalla?" na ce.

"Ban kalla ba. Ƙararta na sani. In an ci, siminti yakan girgiza a kanmu."

Da aka watse ya koma filin makarantar. An rufe ruwa, ɗan kwangila ya kwashe injinansa. Ya zauna 'yan kwanaki yana kallon ciyawar tana komawa ruwan ƙasa daga gefe zuwa ciki. Ranar da zai taho ya sa wuƙa ya yanko daidai faɗin sallaya, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya riƙe a cinya har Birnin Kudu, daga nan har gida.

Abin da na taka da ƙafata daga wannan ɗan yankin ciyawar ya fito. Sama da shekara ashirin yana tsinko saiwa daga baki yana dasawa gaba, kowace shekara albasa na ja da baya kaɗan. Injin ban ruwan da ke shayar da albasa shi ke shayar da ita. Aski da langalanga yake yi, a sunkuye. Samarin ƙauyen, waɗanda ke buga ƙwallonsu a tsakuwar bayan firamare, sun sha zuwa roƙo. Amsarsa ɗaya ce, bai kai ba, ba a wasa a rabin fili. Wasu daga cikin waɗanda suka fara roƙon yanzu 'ya'yansu ne ke bugawa a bayan firamare.

Na tambaye shi yaushe yake ganin zai kai. Ya dubi albasar, ya dubi ciyawar.

"Yana tafiya," ya ce.

Daga nan nakan je jefi-jefi. Ban san me nake nema ba. Nakan zauna a gindin mangwaro in kalle shi yana bin layi da kwanon toka.

Daminar shekarar ta ɗauke da wuri, gero bai cika ido ba, wake bai yi harawa ba. Tun kafin azumi 'ya'yan Kawu Jafaru suka kora shanun da ke da ƙarfin tafiya suka yi kudu. Aka bar masa waɗanda ba za su iya ba: tsofaffi, da masu shayarwa, da maruƙansu. Kara ya ƙare, dusa ta ƙare. Ya shiga sassaro musu ganyen bishiya. Bazara ta zo da zafinta, hadari ya riƙa haɗuwa ta wajen Gwaram yana watsewa. Daga Basirka har ƙauyen, in ka ɗaga ido, babu wani abu kore a ƙasa sai rabin filin Kawu Manu. Ya riga ya cire albasa, ruwan rijiyar fadamar ya ja ƙasa, ɗan abin da inji ke jawowa duk ciyawa ke sha.

Kowa ya san abin da ya kamata a yi, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya. Ƙasar wurin yashi ce. Saniya mai yunwa ba aski take yi ba, tumɓukewa take yi har saiwa, kofato kuma ya ƙarasa sauran. In ruwan sama bai sauka da wuri ba, babu abin da zai sake tsirowa.

Amma Kawu Jafaru ba zai roƙa ba. Wa ba ya roƙon ƙane. Kawu Manu kuma ba zai ce Hamma kawo shanunka ba, domin faɗin haka daidai yake da ce wa babba ka gaza. Ba zai kuma ce a'a ba, tunda ba a tambaye shi komai ba.

Abin da Kawu Jafaru ya yi shi ne ya canza hanyar mashaya. Da can ta bayan gari yake bi da shanun zuwa kogi. Yanzu sai ya riƙa bi ta gefen shingen kowace la'asar. Shanun su tsaya, su jera hanci a jikin ƙaya, suna shaƙar ƙamshin danshi. Shi kuma ya dogara sandarsa.

"Manu, sannu da aiki."

"Yawwa Hamma, sannu da rana. Ya shanu?"

"Da godiya. Ya ruwa?"

"Yana nan, da sauƙi."

"Madalla. An ce an yi yayyafi a Fagam."

"Haka na ji."

"Allah ya kawo mana."

"Amin."

Sai ya daki ƙasa da sanda, shanun su juya da ƙyar. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, kuma kalmomin kusan ba sa canzawa. Ƙasusuwan shanun ne kawai ke ƙara fitowa.

Ana nan sai Kawu Manu ya fara zubar da abin da ya aske a bayan shinge, daidai inda shanun ke tsayawa, kamar mai zubar da shara. Kawu Jafaru yakan juya baya yana kallon kogi har su lashe. Amma abin da langalanga ke ɗebowa daga ciyawa mai tsawon gaɓar yatsa bai fi ya jiƙa wa saniya harshe ba.

Gwaggo Barira ce ta fasa ƙwan, ina zaune.

"Kai Manu, wai baƙin naka na Abuja yaushe za su iso? In ɗora musu tukunya?"

Ya kurɓi fura, ita kuma ta ci gaba.

"Ga baƙi nan kullum suna maka sallama a bakin ƙofa, masu ƙafa huɗu. Nonon wa ka sha ka yi wannan tsawon naka na banza? Ba na kakar Wule ba?" Wule ita ce babbar saniyar garken, baƙa mai farin goshi. "Ku biyu kun tsaya kuna gaisuwa kamar surukai. Sannu da rana, sannu da aiki. To ku ci gaba, in ta faɗi sai ku gaisa a kan fatarta."

"Barira, furarki yau ta yi tsami."

"Da wane nonon zan dama? Da ciyawarka?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya tashi ya ɗauki langalangar, ya duba bakinta, ya rataye ta a reshen mangwaro.

Zuwana na gaba na tarar ciyawar ta haura idon sawu. Layukan toka sun nutse a ciki. Ban taɓa ganinta haka ba. Yana ba ta ruwa safe da yamma fiye da da, amma langalangar na nan inda ya rataye ta. 

A wannan zuwan ne Wule ta kwanta. Saniya in yunwa ta kwantar da ita ba ta iya tashi da kanta, kuma in aka bar ta a kwance ta tafi ke nan. Sai maza sun taru sun zura itatuwa ta ƙarƙashin ƙirjinta da cikinta, sun ɗaga ta tsaye, sun riƙe har ƙafafunta su tuna aikinsu. Da hantsi aka aiko, muka je. Kawu Jafaru ya kama bakin itace ɗaya, Kawu Manu ya kama ɗaya bakin, suna fuskantar juna, saniyar a tsakaninsu. Aka yi bisimilla aka ɗaga. Ta tsaya tana rawa, maraƙinta na zagaya ta yana neman hantsa. Ba wanda ya dubi wani.

Da aka zare itatuwan, Kawu Manu ya karkaɗe hannunsa ya ce, yana kallon ƙasa:

"Hamma, gobe zan bi yaron nan Birnin Kudu in gano Hapsatu. Na daɗe ban je ba. Zan kwana biyu."

Kawu Jafaru ya shafa wuyan Wule.

"To. Ka gaishe ta."

"Za ta ji."

Washegari ya fito da rabin buhun albasa, tsarabar Inna. Sai da muka ɗora shi a bayan babur na lura da abin da ya ɗaure bakin buhun da shi. Shuɗiyar igiyar ƙofar filin ce.

Rabon Kawu Manu da kwana a wani wuri tun dawowarsa daga Abuja. Inna ta gan shi, ta ga buhun, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure ba ta tambaye shi komai ba. Ya zauna. In an kawo abinci ya ci, in an kira salla ya tafi masallaci ya dawo ya zauna. Da asuba nakan ji shi ya tashi yana zagaya tsakar gida, sai ya tsaya a bakin rijiya, sai ya koma. Wata safiya na tarar ya shayar da bishiyar lemon Inna har ruwa ya kwanta.

Ran Asabar da yamma na ce ya zo mu je gidan kallo, ana buga wasa. Ya bi ni. Muka zauna a benci na baya, samari na ta ihu da musu. Ya zuba wa talabijin ido bai ƙifta ba. Da aka ci, ɗakin ya ɗauka, shi bai motsa ba. Can ya matso kusa da kunnena.

"Gaban ragar can ta hagu ya fara cinyewa," ya ce. "Inuwa ta yi masa yawa."



Ya kwana fiye da yadda na zata. Kullum da la'asar yakan fito ƙofar gida ya dubi gabas. Hadari na haɗuwa, iska na kwashewa. Ranar da ya ce zai koma, na ce ni zan kai shi, na ari babur ɗin maƙwabcinmu. Tun daga Birnin Kudu har muka wuce Gwaram hannunsa kawai nake ji a kafaɗata.

Ƙofar kwanon na jingine a jikin shinge. A ciki babu kore ko na magani. Yashi ne a tone, da sawun kofato, da kashin shanu, da guntayen saiwa fari-fari da rana ta riga ta busar. Ba a gane inda layi ya bi. Ya tsaya a bakin ƙofar da takalminsa a ƙafa, ya duba daga wannan kusurwa zuwa waccan, a hankali, kamar mai ƙirga abin da ya san adadinsa. Ya shiga ya durƙusa, ya cusa yatsa a ƙasa, ya zaro, ya duba. Ya miƙe.

Sai ga Kawu Jafaru ya taho da shanun daga kogi. Ba su yi ƙiba ba, amma suna tafiya da ƙafafunsu, Wule a gaba, maraƙin na biye. Ba su tsaya a shingen ba.

"Manu, an dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Hamma."

"Ya Hapsatu?"

"Tana gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya hanya?"

"Da sauƙi."

"Madalla."

Ya wuce da shanunsa ta hanyar bayan gari, hanyarsa ta da.

Muka zauna a gindin mangwaro. Rana ta yi sanyi, babu ko gajimare. Na jira in ji ko zai ce wani abu game da saiwar da ya duba, ko ta mutu ko da sauran rai. Hannayensa na kan gwiwoyinsa, a buɗe. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin na yi ta.

"Kawu, ko da a gefe, ko ta bakin wani, Kawu Jafaru zai yi maka godiya kuwa?"

Ya juyo ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Godiyar me?" ya ce. "Ai ba na gari aka yi."